Gurbin da Baba Ya Hana a Taɓa

Surukina, wanda muke ce wa Baba, ya rasu ranar wata Talata da hantsi, cikin sanyin nan, bayan an gama sussukar dawa. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Kafin azahar gidanmu ya cika har bakin rumbuna, ni kuwa ina ta kaiwa da komowa da kwanon ruwa, ina jin abin da kowa ke faɗi a kansa.

Uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wadda ta shigo ta durƙusa ta ce ya haƙuri, sai ta amsa da haƙuri sai ma'aiki, sannan ta ƙara da cewa ita dai ta sha gaya masa ruwan nan ne zai ci shi. Mata masu suyar kifi daga kasuwar Ƙanƙara sun cika akori-kura guda sun zo. Babbarsu ta ce tun tana amarya take karɓar kifi a hannunsa, ba ta taɓa buɗe kwandonsa ta ga ɗan kifi ƙarami ba. Liman ya ce wa maza a waje marigayi mutum ne mai taurin kai, amma a kan gaskiya yake kafewa. Akwai kuma wani tsoho Bamaguje daga wajen Pauwa, abokin Baba tun suna samari, wanda ya tako da ƙafa da sandarsa. Maigidana ya ce da aka tayar da salla ya koma gindin ɗorawa ya tsaya har aka idar, sannan ya bi gawa zuwa maƙabarta. Da ya shigo gaida Inna, lafiyar kifin tafki ya fara tambaya kafin ya tambayi lafiyar yara. Matan da ke zaune suka haɗa ido, Inna kuwa ta amsa masa kamar ba komai.

Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Ina wucewa ta jikin zana na ji wasu samari biyu a waje, ɗaya na ce wa ɗaya bana dai za a ci kifi, tunda mai hanawa ya tafi. Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Wallahi saura kaɗan in watsa musu ruwan da ke hannuna ta saman zanar. Na danne zuciyata don darajar ranar, amma na ƙudurta sai na rubuta ko wane ne mutumin nan, da abin da ya hana, da dalilin hanawar, ko da ɗalibaina ne kaɗai za su karanta.

Ni ba 'yar ruwa ba ce. A cikin garin Ƙanƙara aka haife ni, kuma lokacin da kuɗin mai suka sa aka shiga gina firamare a kowane ƙauye aka turo ni koyarwa nan, tsakanin Tafoki da hanyar Sabuwa. A nan na auri babban ɗan marigayin, wanda shi ne Sarkin Ruwan ƙauyen. Ranar da aka kawo ni, abin da ya fara yi mini maraba ƙarnin kifi ne, har cikin adudun kayana. Na yi wata guda ina toshe hanci da gefen gyale, ina tsammanin ba mai lura. Ashe Baba na gani. Bai ce mini komai ba, don tsakanin suruki da matar ɗa akwai kunya, sai dai wata safiya ya aiko Inna da karfasa guda gasasshiya, an barbaɗa mata yaji, ya ce a gaya wa Malama hanci baƙo ne, ciki ne ɗan gida. Na ci don kada in yi rashin kunya, na kuma suɗe har ƙaya. Daga ranar bai ƙara kirana da komai ba sai Malama.

Tafkinmu ba wani babba ba ne. Da damina rafi ke cika shi, da rani ya ja baya ya bar laka, sai wuri guda mai zurfi a tsakiya wanda ba ya ƙafewa. Shi ake kira gurbi. Shekara duka ba a taɓa tafkin sai sanyi ya fara wucewa, a sa rana a yi su, wato kamun kifi na gayya, kowa ya shiga. Shi gurbin kuwa ko ranar su ba a shiga, don nan iyayen kifi ke fakewa. Haka Baba ya gada daga ubansa.

Shirin su a gidanmu da sanyi yake farawa. Da zarar dawa ta shiga rumbu, Baba zai sauko da kayansa daga rataya. Akwai gora, ƙatuwa, wadda yake kifa ciki a kanta ya yi iyo. Sai ya ƙwanƙwasa ta ko'ina yana saurare, inda ya ji tsaga ya liƙe da ɗanko. Akwai koma, ragar hannu mai baki kamar baka, wadda ake riƙe ɗaya a kowane hannu. Zai zauna a hantsi, bargo a kafaɗa, zare a babban yatsan ƙafa, yana ɗinke inda ɓera ya ci, yana zagin ɓeran har kakansa. In ya gama ya jiƙa su cikin ruwan bagaruwa don kada zaren ya ruɓe, gidan duka ya ɗauki warin majema. Inna ta yi ta mita, shi kuma ya yi kamar da bango take.

Duk mai niyyar shiga su sai ya kawo komarsa zaurenmu an auna. Awon yatsa uku ne. Baba zai zura yatsunsa uku cikin idon raga, in sun shige ya miƙa wa mai ita, in sun ƙi ya ce a koma a sake saƙa. Yatsunsa kuwa kauri gare su kamar rogo, shi ya sa mutane ke gunaguni wai da yatsun wani ne da an samu sauƙi. Yakan ce ragar da ba ta barin yaro ya wuce, mai ita ba ya son ya ga baɗi. Aiki na ƙarshe, mafi wuya, shi ne ya saro rassan farar ƙaya ya ja su cikin ruwa ya nutsar kewaye da gurbi, ya kafa turaka don kowa ya ga iyaka. Ƙayar na ba kifi mafaka, tana kuma yaga ragar ɓarawo. Cikin tsananin sanyi yake yin wannan, don lokacin karfasa ke taruwa a zurfi, kuma lokacin ne masu ɗan hali ke fara leƙe.

Shi ya nuna mini abin da ban taɓa gani a littafi ba. Wata ranar su ya kamo karfasa mai kyau, ya matsa kumatunta a hankali, sai ga bakinta cike da 'ya'ya ƙanana kamar tsabar gero. Ya ce uwa ce, goyonta a baki take yi, ba ta ko cin abinci sai ta yaye. Ya mayar da ita ruwa, ya wanke hannu, ya ce wanda ya ci mai goyo ya ci gari guda.

Sai zamani ya zo da nasa. Kuɗi suka shigo ƙauye, samari suka sayi babura da rediyo mai kaset, aka fara raba wa manoman auduga taki da maganin feshi, 'yan kwangila suka kafa sansani suna fasa hanya. Autan gidanmu, ƙanin mijina, ya samu tuƙin tifa a wurinsu. Yaro ne mai shiga rai, abokin wasana, ina ce masa Direba yana ce mini Uwar Alli. Duk cikin 'ya'yan Baba shi kaɗai ya gado ruwa, don maigidana ko a kwatami ya faɗa sai an tsamo shi. Leburorin sansani suna son kifi, tafki kuma a rufe yake sai ranar su. A wani wuri auta ya ga yadda ake yi. Ya ɗauki ragowar maganin feshin audugarmu ya juye a ruwa, har cikin gurbi.

Hanyar makaranta ta bakin tafki ta bi, don haka ina cikin waɗanda suka fara gani. Ruwan ya yi fari fat da cikin kifi, manya da ƙanana, har da kwaɗi. Mutane sun fito da ƙorai da kwanduna suna kwasa, ana dariya kamar ranar salla. Baba ya iso ya ga abin da idonsa. Sannan ya aika aka kawo masa fartanya, ya shiga haƙa rami a bakin gaɓa, ya ce duk a zubo a nan. Wasu suka zuba, wasu suka ɓoye a riga. Waɗanda suka ɓoye sun kwana suna zarya bayan gida, awakin maƙwabta da suka sha ruwan kuma ba su kai yamma ba. Ranar ban koyar da komai ba, na zauna a aji ina kuka, yara na kallona.

Ba a sha wahalar gano mai aikin ba, don gwangwanin daga gindin rumbunmu aka ɗauke shi. A tsakar gida aka yi ta, ina ɗaki ina ji. Auta bai musa ba. Cewa ya yi duniya ta canja, yanzu kifi har a gwangwani ake kawo shi kanti, damina na zuwa ruwa zai wanke komai, don me za a tayar da hankali a kan tafki guda. Inna ta kama ƙafar Baba tana roƙo kada ya yi wa yaron baki. Muryarsa ko tashi ba ta yi ba.

"Ba ni yi maka baki," in ji shi. "Amma ka kashe na bana, ka kashe na baɗi, ka kashe na ɗanka da ba a haifa ba. Ba ka ƙara shan ruwa a ƙwaryata sai ka mayar wa ruwa abin da ka ɗauka."

Ƙwaryar nan kowa a gidan ya san ta. Tana rataye a bakin randar Baba, kuma in ɗansa ya dawo daga tafiya ko daga gona, da ita yake ba shi ruwa da hannunsa. Auta ya buga babur ya bar garin, ya bi 'yan kwangila duk inda hanya ta kai su. Yakan aiko da atamfa da sukari. Baba bai hana Inna karɓa ba, amma shi ko shayin da aka sa sukarin bai sha ba. Na san abin na cinsa, don sau da yawa in an ji ƙarar babur daga nesa sai ya dakata da ɗinkin koma har ƙarar ta wuce.

Damina ta zo ta wanke ruwan, a nan auta bai yi ƙarya ba. Tarwaɗa ta dawo da kanta, don ita ko ta cikin ciyawa tana bin ruwa. Karfasa kuwa shiru. Aka sake wata damina, shiru. Mai gari ya ba da shawara a ɗauko iri daga wani wuri cikin duro a bayan mota, aka yi hakan da bazara, kafin a iso duk sun juya ciki, ruwan ya yi zafi kamar na wanka. Mutane suka ce a haƙura, Allah ya ƙaddara. Baba ya ce ƙaddara ba ta hana neman tulu.

Ya jira sai da sanyi ya kama sosai. Ya ɗaure wa jakuna tuluna na ƙasa, ya nufi wajen Pauwa wurin abokinsa Bamagujen nan. Abotarsu abin kallo ce. Shi yana tsokanar Baba da yawan dunguren salla, Baba yana tsokanarsa da tukunyar giya, su raba goro guda su yi ta dariya. Mutanen Bamagujen suna da wani ruwa a gindin dutse da ba sa bari baƙo ya taɓa. Tsohon ya bi dattawansu ɗaya bayan ɗaya har suka yarda, ya shiga da kansa ya kamo masu rai, bai kuma karɓi ko ƙwayar gero ba. Baba ya taho da su da sanyin safiya, in rana ta ɗaga ya fake a inuwa, duk rafin da ya tarar ya sauya musu ruwa. Wasu sun mutu a hanya. Ya koma, ya sake komawa, har ƙafafunsa suka tsattsage.

Ranar da ya kawo na ƙarshe na taso daga makaranta na same shi a bakin gaɓa. Na rusuna zan wuce, sai ya kira ni.

"Zo, Malama. Hannun da ke kiwon ɗiyan mutane ya fi nawa albarka. Ki zuba wannan."

Tunda na zo gidan bai taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba sai ranar. Na karkata tulun, 'yan karfasa suka fita ɗaya-ɗaya, suka ɗan tsaya, sannan suka nutse. Zanina ya jiƙe har gwiwa, haka na tafi gida.

Daga nan ya rufe tafkin gaba ɗaya, babu su, babu fatsa. An yi gunaguni, an kai ƙara wurin mai gari, an ce tsoho ya mayar da ruwan Allah gonarsa. Masu sayar da tarun roba mai ƙananan ido suka riƙa zuwa kasuwa suna zuga samari. Bai kula ba. Kowane sanyi yana nutsar da ƙayarsa, yana gyaran komar da ba za a shiga ruwa da ita ba. Bana ne ya ce iri ya kama, in sanyi ya wuce za a yi su, amma gefe kawai, gurbi yana nan a haramce. Ya saro ƙaya ya fara aiki. Inna ta ce ya tsufa da shiga ruwan sanyi, ya nemi mai taya shi. Ya ce wanda zai taya shi yana kan tifa. Ya kewaye rabi, ya fito yana rawar ɗari, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi. Da na kai masa kunu, abin da ya ce mini ke nan, kuma ita ce maganarmu ta ƙarshe: gabas ya gama, yamma ta rage.

Auta ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Bai zauna cikin masu karɓar gaisuwa ba, ya koma bayan rumbu, abinci ma sai an matsa masa.

Bayan addu'ar bakwai dangi suka zauna a zaure kan sadakar arba'in. Ƙanin Baba, wanda muke ce wa Baffa, ya kawo shawara, kuma na rantse da kyakkyawar niyya ya kawo ta. Ya ce mutumin da ya ƙare ransa a kan tafki, ba abin da ya dace da shi kamar a yi masa sadaka da kifinsa. A aro babban taru, a ja daga gaɓa zuwa gaɓa har gurbi, tunda yamma a buɗe take, a soya a ciyar da jama'a, sunansa ya kai Faskari da Sabuwa. Zaure ya ɗauka da madalla. Ina bayan asabari ina jin maigidana ma yana cewa haka ne. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce Baffa ya gafarce ni, amma wannan ba sadaka ba ce, binne Baba ne karo na biyu, kuma gumba da masa sun ishi kowane mamaci. Baffa ya ce yaushe mata suka fara shiga zancen ruwa, ballantana 'yar birni. Aka yi 'yar dariya, aka tashi a kan za a aro tarun.

Raina ya ɓaci, amma na san faɗa da Baffa ba zai kafa turke ko ɗaya ba. Na shiga ɗakin Baba na sauko da gorarsa, na tattaro ragowar turakan, na zagaya bayan rumbu na dire su gaban auta. Da ƙanin miji ba a kunya, don haka ban tauna ba.

"Direba, zaman makokin ya isa haka. Duk gidan nan kai kaɗai ka iya ruwa. Ya ce gabas ya gama, yamma ta rage."

Ya dubi gorar, ya ce mini ai wanda zai yafe masa ya riga ya tafi, me ya rage. Na ce ban ji Baba ya ce a mayar masa da komai ba, ruwa ya ce a mayar wa, ruwa kuwa yana nan bai mutu ba. Na juya na bar shi.

Washegari da hantsi yara suka shigo da gudu wai auta na cikin tafki. Na yafa gyale na fita, Inna na bayana, ita da ko ƙofar zaure ba ta leƙa ba saboda takaba ta tsaya daga soro tana hange. Yana kife a kan gorar ubansa, yana jan reshen ƙaya da igiya, ya nutse ya taso, ya nutse ya taso. Ƙaya ta yayyage masa hannu. Bai fito ba sai da turakan yamma suka haɗu da na gabas. Baffa na tsaye a gaɓa tare da jama'a. Auta ya fito haƙoransa na haɗuwa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce duk mai son jan taru a kan gurbi ya zo ya ja, in ƙaya ta bar masa ko zare guda, to zai same shi zaune a nan. Baffa ya dubi ruwan, sannan ya ce a je a jiƙa geron gumba.

Da auta ya shigo gida yana ɗigar ruwa, Inna ba ta ce masa sannu ba. Ta je bakin randar Baba ta sauko da ƙwaryar nan, wadda ba wanda ya taɓa tun ranar rasuwa, ta ɗebo ruwa ta miƙa masa. Mutumin da ya fito daga ruwan sanyi ba ƙishirwa yake ji ba, amma ya riƙe ta da hannu biyu ya shanye tas, sannan ya kifa fuskarsa a ciki. A ranar ne na ga kukan Inna.

An yi arba'in da gumba da masa, kowa ya ci ya yi addu'a. Su kuma yana nan tafe in sanyi ya wuce, gefe kawai, kamar yadda Baba ya ce. An fara kawo koma zaurenmu, kuma auta ya ce ni zan auna, wai malamai sun fi iya hana cin jarrabawa. Samarin nan biyu na jikin zana suna cikin waɗanda suka fara zuwa, suna murna wai yatsun mace sirara ne. Na zura huɗu maimakon uku. A komar ɗayansu suka shige, ta ɗayan na ce a koma a sake saƙa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga tafkin da ba ya ƙafewa. Mu kuma da ya bari, Allah Ya ba mu taurin kansa.